Kwana Biyu a Gaɓar Kwara



An nemi mu yi magana a kan wata al'ada da wasu daga cikinmu suka ɗauka, wato ta saɓa jaka a baya ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bar gari, a bi gaɓar kogi da ƙafa, a kwana a fili, a komo ran Lahadi da dare. Mun san abin da ake faɗa a kanmu a ɗakunan kwana. Wasu sun ce kwaikwayon Turawa ne. Wasu kuwa sun ce ƙoshi ne ya yi mana yawa, domin wanda ya tashi yana kwana a kan tabarma ba ya biyan kuɗin mota don ya je ya kwana a kanta. Maganar tasu ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba, kuma za mu komo kanta. Amma tukuna bari mu faɗi inda muka je da abin da muka gani, don a nan hujjarmu take.

Wanda ya bar Birnin Kebbi ya bi ta Kalgo da Bunza ya miƙa yamma, ƙarshen tafiyarsa Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Kamba ba a bakin kogi take ba, sai an ƙara gangarawa kudu zuwa Dole Kaina. A nan ne mutum zai tsaya ya ga Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, Zabarmawa da Dandawa kuma suke kira Isa Beri, wato babban kogi. Ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, tsawonsa duka ya kai wajen kilomita 4,180, kuma a daidai wannan wuri yake shigowa Nijeriya. Garin Dole kansa iyaka ta raba shi, wani sashe namu, wani na Nijar. In aka shiga kwalekwale aka haye, sai Lolo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, kuma daga Lolo taku kaɗan ne zuwa ƙasar Benin. Ƙasashe uku ke nan suka haɗa kai a wuri ɗaya, inda mai sayar da kifi zai karɓi naira daga hannun wannan, ya karɓi sefa daga hannun wancan, ya yi ciniki da Hausa, ya yi wa yaronsa faɗa da Dandanci.

Yadda aka yi iyakar ta faɗo a nan abin a sani ne. A ƙarshen ƙarni na goma sha tara Ingila da Faransa sun yi ta rige-rigen mallakar ƙasar Bargu, har suka kusa gwabzawa. Ran 14 ga watan Yuni, 1898, suka sa hannu a kan yarjejeniya a birnin Paris, aka bar wa Faransa Nikki, aka bar wa Ingila Busa. Da aka zo kan kogi sai aka rubuta cewa iyaka za ta taɓa gaɓa a wani wuri mai nisan mil goma sama da Giris, mashigin garin Illo. Mil goma, wato kilomita 16. Waɗanda suka rubuta wannan adadi suna zaune ne a kan kujeru da taswira a gabansu. Mu kuwa sai muka ce bari mu taka mil goman nan da ƙafafunmu, daga wajen Lolo mu gangara Giris, mu ga ko nawa ne a ƙasa. Wannan ita ce tafiyarmu ta farko, a wata kaka kafin al'amarin tsaro ya kai inda ya kai daga baya.

Me ya sa kaka? A ƙasashen Turai da Amurka masu irin wannan yawo suna son lokacin da ganyaye ke yin ja da rawaya kafin su zube. A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ta bi tsaunukan Afalashiya, wadda aka gama sharewa a 1937, tsawonta wajen kilomita 3,500, kuma a wannan lokaci na shekara ake cika ta. Tamu kakar dabam ce. Ruwan sama ya ɗauke, hunturu bai kankama ba, an riga an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, shinkafa ta fara yin zinariya a fadama. Rana tana da sauƙi in aka gwada da bazara, dare kuma akwai sanyi mai daɗin barci. Abu mafi muhimmanci, rumbu ya cika. Baƙon da ya sauka ƙauye a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, nauyi ne a kan mai gida ko da bai faɗa ba. Wanda ya sauka a Nuwamba kuwa, an fi samun abin da za a tare shi da shi ba tare da an hana yara ba.

Mu tara muka tafi, mata biyu a ciki. Da muka isa Kamba ba mu wuce ba sai da muka je fada muka yi gaisuwa, muka faɗi ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu, aka haɗa mu da wanda zai kai mu gaba. Haka muka riƙa yi a kowane gari, daga hannu zuwa hannu. Ƙasar Kamba ƙasar giginya ce, kuma a lokacin muruci ya fara shigowa kasuwa, don haka guzurinmu na garin rogo da ƙuli-ƙuli ya sami abokin tafiya. A Dole Kaina muka biya kuɗin fito muka haye da la'asar sakaliya.

A daren farko ne muka tafka wautar da har yau ake yi mana dariya a kanta. Mun sami wani wuri mai laushin ƙasa dab da ruwa, da wata 'yar hanya shararriya da ta taso daga kogi ta shiga cikin ciyawa. Muka ce ai ga wurin kwana Allah ya ba mu, har da hanyar zuwa alwala. Mun gama kafa tanti, mun hura wuta mun ɗora shayi, sai ga wani dattijo masunci ya zo wucewa da taru a kafaɗa. Ya yi sallama, ya tsaya ya dube mu, ya dubi hanyar.

Ya ce, "Samari, wa ya ba ku wannan masauki?"

Muka ce, "Baba, mu muka zaɓa."

Ya ce, "To, mai hanyar tana fitowa kiwo in dare ya raba, kuma ba ta san baƙo ba. Ku kwashe kayanku ku biyo ni."

Hanyar dorina ce. Muka tattara komai cikin duhu, da tocila biyu, muka hau tudu bayan gari. 'Yan'uwanmu mata aka shigar da su cikin gida wurin iyalinsa, mu kuma muka shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya, muka ɗaura gidajen sauro. Tantin nan da muka yi karo-karo muka saya, muka yi ta fahariya da shi a mota, bai sake fita daga jakarsa ba har muka komo.

Da hira ta yi daɗi, wani daga cikinmu mai karatun labarin ƙasa ya ce wa dattijon, tun da damina ta wuce, yanzu kogi sai ja da baya har wata shekara. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wannan ruwan da ka gani na kusa ne. Na nesa yana tafe, sai sanyi ya yi ƙarfi zai iso." Abokin namu ya yi shiru, don ya tuna ya taɓa karanta haka, har ya rubuta a jarrabawa, amma bai taɓa ɗauka abin yana faruwa a wani wuri da za a iya zuwa ba.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don wannan shi ne babban abin da muka koya. Kwara sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ta ruwan da aka yi ne a nan kusa, a Nijar da Burkina Faso da Benin da arewacinmu, wanda ƙoramu da gulabe ke kwasowa da laka su zuba mata tsakanin Agusta da Oktoba. Ruwan yakan yi fari-fari saboda ƙasar da ya ɗauko, shi ya sa ma'aikatan madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, suke kiransa farin ruwa. Cika ta biyu kuwa ta ruwan tsaunukan Gini ce. An yi shi a damina ɗaya da namu, amma da ya iso tsakiyar Mali, wajen Mopti, sai ya bazu a wata makekiyar fadama, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, wani ya ƙafe, lakar ta kwanta. Abin da ya saura shi ke ratsowa ta Yamai ya iso mana daga Disamba zuwa Fabrairu, garau, har ya yi duhu-duhu a ido, ana kiransa baƙin ruwa. Ga shi ba gajimare ko ɗaya a sama, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, amma kogi na hauhawa. Manomin gaɓa da wannan lissafi yake shuka, masunci da shi yake sanin inda kifi zai taru, makiyayi da shi yake sanin lokacin da burgu zai fito wa shanu. Yanzu a ce an ɗauki ɗayanmu aiki a ma'aikatar gona, aka ce ya tsara ranar raba iri da taki na noman rani a ƙasar Bagudo, ya zauna a ofis da kalandar ruwan sama kaɗai. Kowa ya san abin da zai biyo baya, kuma ba shi zai kwana da yunwa ba.

Washegari muka kama hanya da asuba, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Mil goman da aka auna a miƙe a kan takarda, a ƙasa ba a miƙe suke ba. Farin ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, don haka inda ido ke ganin gari kusa, sai an yi zagaye mai nisa ta kan tudu, ko a jira yaro da ƙaramin kwalekwale. Mun wuce mata suna shanya shinkafa, mun wuce ɗakunan banda inda ake ƙyafe tarwaɗa da kurungu, mun ga giwan ruwa guda da sai da mutum biyu suka kama kafin a ɗaga ta. Mun gamu da Fulani sun tsaya da garke a bakin wata gona da ba a gama girbe ba, mai gona kuma yana tsaye da lauje, ana magana a hankali amma ba mai murmushi. Burtalin da ya kamata su bi an nome shi, in ji su. Mai gona ya ce shi a nan ya gaji ubansa. Ba mu tsoma baki ba, amma wanda ya ga fuskokin nan sau ɗaya ba zai ƙara karanta labarin rikicin manoma da makiyaya a jarida kamar labarin wata ƙasa ba. Ba mu isa masauki ba sai da rana ta yi ja, ƙafafu sun yi bororo, musamman na waɗanda suka sa sababbin takalma.

To, mu komo ga masu cewa kwaikwayon Turawa muke yi. Mashigan nan na Illo da Gaya suna kan tsohuwar hanyar Gwanja. Ta nan ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Jega ke hayewa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni, da ƙafa, ana kwana a zango. Suna da madugu, suna da jagaba mai shiga gaba, suna da ƙa'idar inda ake sauka da yadda ake gaida mai gari. Gishirin Foga, wanda ake dafawa a kwarin da ke arewa da Kamba, da ƙafa ya riƙa yawo ƙasashe. Almajiri da allonsa da ƙafa ya nemi ilmi, alhazan dā da ƙafa suka nufi gabas. Tun kafin wannan ma, bayan da rundunar Maroko ta karya Songhai a Tondibi cikin 1591, nan ƙasar Dandi ce sauran Askiyoyi suka komo suka ci gaba da turjiya. Ga kuma Kyangawa, waɗanda ake lissafawa cikin mutanen farko na wannan yanki, da tsohon garinsu Kyangakwai kusa da Kamba, harshensu yana ta ɓacewa cikin Hausa ba tare da wani ɗalibin harshe daga cikinmu ya je ya zauna da tsofaffinsu ba. Jakar leda mai madauri biyu ita ce ta Bature. Tafiyar kam gadonmu ce, mu 'yan boko ne muka yar da ita ranar da muka sami kujera.

Masu cewa ƙoshi ne kuwa, su muka fi jin maganarsu. Gaskiya ne akwai abin kunya a ce saurayi ya zo da na'urar ɗaukar hoto yana sha'awar bukkar da mai ita ke fatan ya rabu da ita. In yawon namu ya tsaya a kan hoton faɗuwar rana da za a sa a Facebook, to sun yi gaskiya, gara mu zauna a ɗaki. Amma mu dubi ko su wane ne ke zaune a wannan zaure. Nan da shekara biyar, a cikinmu za a sami jami'in kwastan, da malamin gona, da malamin asibiti, da sakataren ƙaramar hukuma, da injiniyan hanya. Takardun da suka shafi rayuwar mutanen gaɓa ta hannunmu za su bi.

Ga misalai da ba su yi nisa ba. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Kowace gwamnati tana da dalilanta, kuma ba yau za mu yi shari'arsu ba. Amma wanda ya taɓa tsayawa a Dole, inda gidan wa ke wata ƙasa na ƙane ke wata, shi ya san ma'anar kalmar rufewa fiye da wanda ya buga ta a takarda. A damina ta 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, jihar da a cikinta aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Nuwamban 2015, aka bar mutane da bashi ba amfanin gona. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙasar Ngaski, 'yan kaɗan suka tsira. Dokar sa rigar kariya da ta hana tafiyar dare suna nan a rubuce. Mu da muka haye Kwara a kaka, ruwa na taɓa leɓen jirgi, babura da buhuna da awaki da mata masu goyo duk a ciki, mun fahimci abin da ya sa ake cika jirgi haka: in wannan ya tashi, ba a san lokacin da wani zai zo ba, kasuwa kuma ba ta jira. Jami'in da ya san wannan zai nemi a ƙara jirage da riguna kafin ya nemi a ƙara tara.

Dole mu faɗi wani abu mai nauyi, kada wani ya fita daga nan ya ɗauki jaka gobe. A watan Nuwamba na 2024 hukumomin soja suka bayyana ɓullar 'yan bindigar da ake kira Lakurawa a sassan Sakkwato da Kebbi, kuma a cikin watan suka kai hari garin Mera a ƙasar Augie. Arewacin Benin ma, wajen gandun dajin da ya haɗa ta da Nijar da Burkina Faso, ya sha hare-hare tun daga 2021. Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kada kowa ya dogara da abin da ya sani a dā game da ƙetare iyaka. Ƙa'idarmu ita ce, ba a tashi sai an aika tun da mako biyu an tambayi hakimi da jami'an tsaro na wurin. In suka ce a dakata, an dakata, ba gardama, ba jarumtaka. Kaka biyu muka fasa tafiya saboda haka, kuma ba mu ji kunya ba. Sai dai abin yana ci mana rai, domin duk shekarar da muka fasa, mutanen da suka shimfiɗa mana tabarma suna can, ba su da wani wurin da za su fasa zuwa.

Ga wanda hanya ta buɗe masa, kayan ba su da yawa. Gidan sauro ya fi tanti amfani nesa ba kusa ba, don sauron fadama a kaka ba ya wasa. Ruwan sha a tafasa shi. Kada a yi wanka a kududdufi ko inda ruwa ya kwanta, nan tsargiya take. A sa takalmi mai rufi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, a riƙe tocila da dare, gama lokacin girbi ne kububuwa da kasa suka fi sarar mutane. A tafi da katin shaida, kada a ɗauki hoton shingen iyaka ko na jami'ai, kada a ɗauki na matan mutane sai da izini. Ba a shiga jirgi bayan magariba, kuma duk inda aka sauka a bakin ruwa, a tambayi Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunta kafin a ajiye kaya. A riƙe goro da sukari da ganyen shayi na gaisuwa. Kuɗi a hannun mai masauki yakan zama cin fuska, amma sabulu da gishiri da aka miƙa wa uwargida ba a mayar da su. Wutar da aka hura a kashe ta da ruwa, don karan dawa ya bushe, tartsatsi guda ya isa ya cinye wahalar shekara. Ledar da aka zo da ita a koma da ita.

Abin da muke roƙon Majalisar Ƙungiya, ya Shugaba, abu biyu ne. Na farko, a sayi rigunan kariya goma sha biyu da akwatin magani guda, a ajiye a ofishin Ƙungiya, duk ayarin da zai fita ya sa hannu ya ara. Na biyu, kowane ayari in ya komo ya rubuta abin da ya gani, shafi biyu ko uku, da sunayen garuruwa da mashigai da yanayin ruwa da watan da aka je, a buga a wannan mujalla, a kuma aika kwafi ga hakimin da ya karɓe su. Namu rahoton na tafiyar Lolo zuwa Giris yana hannun Sakatare, har da taswirar da muka zana da fensir, wadda dattijon nan ya gyara mana a wurare huɗu. Wanda yake son a sa sunansa cikin ayarin kaka mai zuwa, in Allah ya kai mu kuma aka ba da izini, sai ya tsaya bayan an tashi.